Zauren Kimiyya: Baƙin Yashin da Aka Zubar a Jos, Aka Dawo Ana Nemansa

 Da fatan an fara bitar karatu tun yanzu, ba a bari sai ana gobe jarrabawa a kwana ana haddar dole ba.

A makon nan wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare ce ta aiko da tambaya daga Bukuru. Ta ce yayanta ya daina zuwa makaranta ya koma wankin kuza. Ban da kuzar, akwai wani baƙin yashi mai nauyi da suke warewa gefe, dillalai na saye da kilo, ana ce masa kolumbayit. Ta tambayi yayan me ake yi da shi, ya ce bai sani ba. Ta tambayi mai sayen, shi ma ya ce ƙasar waje ake kai shi, iyakar saninsa ke nan. Ita kuma tana so ta san abin da ke cikinsa da har ake biyan kuɗi a kansa.

Ƙanwata, kin yi tambaya mai kyau, kuma amsarta na rataye a bangon ajinku. Ku buɗe jadawalin sinadarai, ku nemo lamba 41. Za ku ga Nb. Sunansa niyobiyam, shi ne ƙarfen da ke ɓoye cikin baƙin yashin nan. Kolumbayit haɗi ne na niyobiyam da oksijin da baƙin ƙarfe da manganis, ana rubuta shi (Fe,Mn)Nb2O6, kuma kusan kullum akwai wani ƙarfen mai suna tantalam a maƙale da shi.

Idan aka tace niyobiyam tas, ƙarfe ne mai ruwan toka da ƙyalli, mai laushi, ana iya buga shi ya yi faifai ko a ja shi ya zama waya ba tare da ya tsage ba. Guntunsa mai santimita ɗaya ta kowane gefe yana da nauyin giram 8.57. Baƙin ƙarfe mai wannan girman giram 7.87 ne, kun ga ba su da nisa. Inda suka rabu shi ne wajen wuta. Baƙin ƙarfe na narkewa a digiri 1,538 na ma'aunin Salshiyas, shi kuwa niyobiyam sai an kai 2,477. Wato a zafin da baƙin ƙarfe ya zama ruwa yana kwarara, niyobiyam na nan daram. Ba ya tsatsa irin wadda muka sani, domin da zarar iska ta taɓa shi sai wata siririyar fata ta Nb2O5 ta rufe shi, ta hana oksijin shiga ciki. Yawancin asid ba sa cin sa a yanayin ɗaki. Asid ɗin HF ne maganinsa, kuma wannan asid ne mai mugun haɗari da ba a wasa da shi ko a manyan ɗakunan gwaji.

'Yan ajin kemistiri, ga tarko guda. Niyobiyam na rukuni na 5, layi na 5, cikin ƙarafan tsakiyar jadawali. Idan aka ce ku jera ilektaron ɗinsa, da yawanku za su ƙare da 5s2 4d3 don haka ƙa'ida ta nuna. Ba haka yake ba, 4d4 5s1 ne. Yana cikin masu kauce wa layi, kamar yadda kuka gani ga kuromiyam da tagulla. A haɗe-haɗensa kuma ya fi zama da +5, shi ya sa kuka ga Nb2O5.

Ana ce masa ƙarfe mai wuyar samu. A ɓawon duniya, idan aka yi matsakaicin lissafi, tan ɗaya na dutse na ɗauke da kusan giram 20 nasa. Ba a tsintarsa zalla kamar zinariya, kullum a haɗe yake da wasu, kuma wuraren da ya taru da yawa har haƙarsa ta biya kuɗi ba su da yawa a duniya.

Labarin sunansa ma abin ji ne. A 1801 wani masanin kemistiri ɗan Ingila, Charles Hatchett, ya ɗauki wani baƙin dutse da ya daɗe a ajiye a gidan kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan. Daga Amurka aka aiko da dutsen. Ya bincika ya ga akwai sabon sinadari a ciki, sai ya raɗa masa kolumbiyam, daga Kolumbiya, wani laƙabi da ake yi wa Amurka. Daga nan sunan kolumbayit ya samo asali. Shekara ɗaya bayan haka, a 1802, Anders Ekeberg na ƙasar Suwidin ya gano tantalam. Sai rigima ta tashi, domin ƙarafan biyu sun yi kama ƙwarai, har a 1809 wani babban masani, William Wollaston, ya ce ai abu ɗaya ne aka ba suna biyu. An yi shekara talatin da wani abu a kan wannan kuskure, saboda wanda ya faɗa babba ne. Sai a tsakiyar shekarun 1840 Bajamushe Heinrich Rose ya nuna cewa akwai sinadari na biyu a cikin dutsen tantalam. A tatsuniyoyin Girkawa akwai wani sarki Tantalus, wanda daga sunansa aka samo tantalam, yana da 'ya mai suna Niyobe. Sai Rose ya ce tunda wannan a jikin wancan ake samunsa, bari a ba shi sunan 'yar. Aka wayi gari sinadari ɗaya na da suna biyu, Amurkawa na cewa kolumbiyam, Turai na cewa niyobiyam, har sai 1950 da ƙungiyar masana kemistiri ta duniya ta tsayar da niyobiyam.

Ba laifin Wollaston ba ne kacokan. Tantalam, mai lamba 73, yana ƙarƙashin niyobiyam kai tsaye a jadawali, girman ƙwayar zarrarsu kusan ɗaya ne, halinsu a gaban asid da oksijin kusan ɗaya. Bambancin da ya fito fili shi ne nauyi: tantalam ya kusa ninka niyobiyam. Har yau raba su aiki ne mai tsada da ke buƙatar masana'anta ta musamman. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To me ake yi da shi? Kusan kashi 90 cikin 100 na niyobiyam da ake haƙowa a duniya ba a ganinsa da ido bayan an sayar, domin narka shi ake yi cikin ƙarfen gini. Ƙarfen da ake rodi da gada da bututu da jikin mota da shi baƙin ƙarfe ne da aka tace aka bar masa ɗan kabon, shi ake kira sitil. Ana zuba masa niyobiyam kaɗan, ƙasa da kashi 0.1 cikin 100. Mu yi lissafi. Tan ɗaya kilo 1,000 ne, nauyin buhun siminti 20. Idan aka sa kashi 0.05 cikin 100, rabin kilo ke nan. Rabin kilo a cikin nauyin buhun siminti ashirin. Duk wadda ta taɓa ganin yadda ɗan ƙanƙanin kanwa ke sauya tukunyar miyar kuɓewa ta fahimci zancen.

Amma yaya rabin kilo zai ƙarfafa tan guda? Nan ne daɗin abin yake, ku natsu.

Idan aka goge ƙarfe aka duba shi da madubin ƙara girma, za a ga ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙananan ƙwayoyi ne birjik a manne da juna, kowace da iyakarta, kamar gonaki idan an hango su daga sama. A cikin kowace ƙwaya, ƙwayoyin zarra a jere suke layi-layi, amma layin wannan ƙwaya ba ya fuskantar inda na maƙwabciyarta ya fuskanta. Lokacin da ƙarfe zai lanƙwashe ko ya tsage, layukan nan ne ke zamewa a kan juna. Zamewar na gudu cikin sauƙi a cikin ƙwaya ɗaya, amma da ta iso iyaka sai ta ci birki, domin dole ta sauya hanya. Ku kwatanta mai keke a kan miƙaƙƙen titi da mai keke a lungunan cikin birnin Kano ko Zariya. Na titi zai yi ta sheƙa gudu. Na lungu kuwa kowane taku goma sai ya karya kwana, ba zai taɓa yin gudun kirki ba. Ƙarfe mai manyan ƙwayoyi titi ne ga tsaga. Mai ƙananan ƙwayoyi lungu ne.

Matsalar ita ce, a masana'anta da zafi ake murza ƙarfe, yana ja wur, kuma zafi na sa ƙwayoyin su riƙa haɗiye juna suna girma. Aikin niyobiyam shi ne hana wannan. Yana kama kabon da naitirojin da ke cikin ƙarfen, su zama wasu mitsi-mitsin tsakuwoyi masu tauri, NbC da NbN, waɗanda ke tsayawa a kan iyakokin kamar turaku, su hana su matsawa. Ƙarfen ya huce da ƙwayoyi ƙanana. Yawancin dabarun ƙara wa ƙarfe tauri suna sa shi saurin karyewa, kamar yadda ƙara kabon da yawa ke yi. Ƙanƙanta ƙwayoyi kuwa na ƙara ƙarfi da juriya a lokaci guda, kuma ƙarfen na karɓar walda lafiya. Shi ya sa ake amfani da irin wannan sitil a manyan bututun gas da na mai, inda tsaga ɗaya ke iya jawo gobara, da gadoji, da dogayen benaye. A mota kuma yana ba da damar a yi amfani da ƙarfe marar kauri ba tare da an rage ƙarfi ba, motar ta yi sauƙin nauyi, ta rage shan mai.

Masu yin sitil ba zallar niyobiyam suke saye ba. Wani haɗi suke saye na niyobiyam da baƙin ƙarfe, wanda kusan kashi biyu cikin ukunsa niyobiyam ne. Ga yadda ake samunsa:

3Nb2O5 + Fe2O3 + 12Al → 6Nb + 2Fe + 6Al2O3

Kun gane ta? Darasin nan ne na ƙarfen da ya fi kuzari yana ƙwace oksijin daga wanda bai kai shi ba. Alminiyam ne ɗan ƙwacen a nan, kuma zafin da ke fita ya isa ya narkar da komai da kansa. Ku ƙirga oksijin na hagu da na dama ku gani ko 18 ne duka.

Ragowar kashi goman da ba ya shiga sitil shi ne ke zuwa wurare masu ban mamaki. A injin jirgin sama akwai sassan da ke aiki cikin zafin da sitil na yau da kullum ba zai jure ba. Ana yin su da wani haɗin nikel mai suna Inconel 718, wanda kusan kashi 5 cikin 100 nasa niyobiyam ne. Akwai kuma C-103, wanda kashi 89 nasa niyobiyam ne, sauran hafniyam da taitaniyam. Da irinsa aka yi bakin injin roka a kumbunan Apollo da suka kai mutane duniyar wata.

Wannan ɓangaren zafi ke nan. Ɓangaren sanyi ya fi ba ni sha'awa. Kun san kowace waya na yi wa lantarki turjiya, shi ya sa cajar waya ke ɗumi, wani kaso na wutar na salwanta a hanya. A 1911 wani masani ɗan ƙasar Holan, Kamerlingh Onnes, ya gano cewa idan aka sanyaya wasu ƙarafa matuƙar sanyi, turjiyar na ɓacewa gaba ɗaya. Ba raguwa ba, ɓacewa. Niyobiyam na shiga wannan hali a kusan digiri 264 ƙasa da sifili, wato 9.2 a ma'aunin Kelbin. Da jin wannan za ku ce ai sanyin ya yi yawa, amma a cikin zallan sinadarai, a matsin iska na yau da kullum, babu wanda ke shiga halin da wuri kamarsa. Idan aka haɗa shi da taitaniyam aka ja waya, aka naɗe ta, aka tsoma cikin ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, sai a sami maganaɗisu mai ƙarfin gaske. Lantarkin da aka zuba a ciki zai yi ta zagaye ba ya ƙarewa muddin sanyin na nan.

Wannan waya ce a cikin yawancin na'urorin MRI da ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da laka da su a manyan asibitoci. Idan an taɓa tura wani naku wannan hoto, kun ji ana cewa a cire ɗan kunne da makulli da tsabar kuɗi kafin a shiga. Ba tsirfa ba ce. Maganaɗisun a kunne yake dare da rana, ko ba a ɗaukar hoton kowa, kuma yana iya fizgar ƙarfe daga hannun mutum. Irin wayar ce kuma a na'urar binciken ƙwayar zarra ta cibiyar CERN, wadda ke ƙarƙashin ƙasa a iyakar Faransa da Suwizalan, mai zagayen kilomita 27.

Akwai ƙananan ayyuka da zan ambata a gurguje. Ana sa Nb2O5 a gilashin wasu tabarau da na kyamara don ya fi karya haske. Idan aka bi da lantarki ta jikin niyobiyam a cikin ruwa, fatar nan tasa na ƙara kauri ta ba da launi, shuɗi ko kore ko shunayya, ba tare da fenti ba, kuma ba ya sa ƙaiƙayin fata, don haka ana 'yan kunne da shi. Ƙasar Ostiriya ma tun 2003 take buga wasu tsabar kuɗi na ajiya masu niyobiyam mai launi a tsakiya.

Yanzu mu dawo gida, wajen tambayar ƙanwarmu.

Lokacin da kamfanonin Turawa suka dira tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20, kuza suka zo nema. Kolumbayit na fitowa tare da kuzar a wajen wanki, saboda dukansu masu nauyi ne, suna kwantawa a ƙasa ruwa ya tafi da yashi. A wancan lokaci ɓata musu kuza yake yi, don haka ware shi ake yi a zubar. Dabarar warewar ma kimiyyar aji ɗaya ce: maganaɗisu mai ƙarfi na ɗan jan kolumbayit saboda baƙin ƙarfe da manganis da ke cikinsa, amma ba ya jan kuza. Haka aka yi ta tara shi a juji a Bukuru da Barikin Ladi da kewaye.

Sai zamanin injin jet ya zo, aka shiga neman ƙarafa masu jure zafi. A farkon shekarun 1950, lokacin yaƙin Koriya, gwamnatin Amurka ta shiga sayen kolumbayit tana tarawa, ta sa ƙari mai tsoka a kan farashin kasuwa. Nan take jujin jiya ya zama dukiya, aka koma ana tone abin da aka zubar ana sake wankewa. A waɗannan shekaru Nijeriya ce kan gaba a duk duniya wajen fitar da kolumbayit. Ba mu na biyu ba, ba mu na uku ba.

Abin bai daɗe ba. Da Amurka ta cika rumbunta sai ta daina saye, farashi ya faɗi. A daidai wannan lokaci kuma aka gano wani dutsen niyobiyam na daban, mai suna fairokulo, jibge a garin Arasha da ke jihar Minas Jerais ta ƙasar Barazil. A fili yake, ba sai an shiga rami mai zurfi ba. A 1955 aka kafa kamfanin CBMM a can. Yau kusan kashi 90 cikin 100 na niyobiyam na duniya daga Barazil yake fitowa, Kanada na biye daga nesa.

Za a iya cewa sa'a ce, Allah ya ba su wanda ya fi namu yawa da sauƙin haƙa, kuma gaskiya ne. Amma a ganina ba nan kaɗai zancen ya tsaya ba. Mu yashi muka sayar a buhu, yadda ya fito daga wanki. Su kuwa sun gina masana'antar da ke mayar da dutsen ya zama haɗin da masu sitil ke buƙata, suka ɗauki injiniyoyi suna bin masana'antun ƙarfe na duniya suna nuna musu yadda rabin kilon nan zai inganta tan guda. Wato sun koyi abin da kuka karanta a sama, sannan suka mayar da shi kasuwa. Wanda ya sayar da yashi, mai saye ne ke yanka masa farashi, domin mai sayen ne ke da na'urar auna yawan niyobiyam da tantalam da ke ciki, shi ne kuma ya san wanne ya fi tsada. Tantalam ya fi niyobiyam tsada nesa ba kusa ba, ana sa shi a kayan lantarki irin su wayar hannu. Buhu biyu na iya yin kama a ido, kuɗinsu ya bambanta ƙwarai, mai wanki bai sani ba.

Kuma ba Jos kaɗai ba ce. Irin duwatsun da ke ɗauke da kuza da niyobiyam sun bi ta Bauchi, sun taɓo Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa ta jihar Kano, inda akwai shi kansa fairokulon, danginsu kuma sun miƙe har tsaunukan Azbin a Nijar.

Ƙanwata, ga saƙo ki kai wa yayanki, kuma ba da faɗa ba. Na san ba don wasa ya tafi ba, wataƙila kuɗin da yake kawowa ne ake cefane da shi. Amma ki gaya masa abu uku. Ramukan nan da ake haƙawa da hannu ba tare da tokari ba suna ruftawa, musamman da damina, kuma sun ci rayukan matasa da yawa a Filato. Tsofaffin kududdufan haƙar kuza ba wurin wanka ba ne, bakinsu na iya zama gwiwa, taku biyu gaba ya zama rami mai zurfin gaske. Na uku shi ne wanda ba a gani: a cikin ragowar yashin da ake zubarwa bayan an cire kuza da kolumbayit akwai wani ma'adini, monazayit, mai ɗauke da toriyam, wanda ke fitar da tururin nukiliya. Kada a tara wannan yashi a ɗakin kwana, kada a yi yaɓe ko daɓe da shi, kada a bar yara su yi wasa a kansa, kuma a rufe hanci idan ana sheƙe shi a bushe. Idan zai yiwu ya riƙa zuwa aji ko da ya ci gaba da neman kuɗinsa a ƙarshen mako, ya daure ya zana jarrabawarsa. A nan Jos ɗin akwai Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa ta Ƙasa, Jami'ar Jos na koyar da ilimin duwatsu da ma'adinai, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da sashen injiniyancin ƙarafa. Ƙofar shiga duka ita ce kiredit a lissafi da fizik da kemistiri da Turanci. Mutumin da ya riga ya san kolumbayit da hannunsa ya fi 'yan ajinsa da yawa abin farawa.

Ga aikin wannan mako. Wata masana'anta za ta yi bututun gas mai nauyin tan 2,400, tana son niyobiyam ya zama kashi 0.04 cikin 100 na nauyin. Na ɗaya, kilo nawa na niyobiyam take buƙata? Na biyu, idan haɗin da za ta saya kashi 65 cikin 100 ne kawai niyobiyam, kilo nawa na haɗin za ta saya? A nuna yadda aka yi lissafin, amsa tsurarta ba ta karɓuwa a wannan zaure. A rubuto da suna da aji da makaranta, za mu buga sunayen mutum biyar na farko da suka dace.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki tantalam, mu ga abin da ya haɗa wayar da ke aljihunku da yaƙin gabashin Kwango. A huta lafiya.